Ba bairos ba ne Malam, ƙura ce ta shaƙe kwamfutarka: ka daina bari ana yi mata fomatin

Yau da faɗa na zo, kuma kai da ke karantawa ba lallai ka tsira ba.

Tun da watan Maris ya kama, saƙonnin da ke shigo mana kusan iri ɗaya ne. "Malam, laftof ɗina ta koma nauyi." "Fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe." "Ina cikin aiki sai ta ɗauke ɗif." Sannan kusan kowa sai ya rufe da magana ɗaya: "An ce mini bairos ne, wai sai an yi fomatin." Wa ya ce maka? Da me ya auna? Wane irin bairos ne wannan da yake barci tun Disamba, bai farka ba sai da bazara ta shigo?

Bari in ba ka labarin da ya sa raina ke ɓaci a kan wannan magana. Bara, a tsakiyar Afrilu, ƙanwata tana ajin ƙarshe a jami'a, tana rubuta furojet ɗinta. Laftof ɗinta ta fara mutuwa da kanta, musamman tsakanin azahar da la'asar. Ba ta gaya mini ba, ta ɗauka ta kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ko juya ta bai yi ba ya kalli ƙasanta. Ya kunna, ya ga tana jan ƙafa, ya ce bairos ya cinye ta. Ya yi fomatin, ya zuba sabuwar Windows, ya karɓi kuɗinsa. Ya ce ya kwashe mata fayilolinta, ashe waɗanda ke kan fuskar allo bai taɓa su ba, kuma a nan babi na uku da na huɗu suke. Aikin wata biyu ya tafi. Kwana biyu da dawo da ita gida, ƙarfe uku na rana, ɗif, ta sake ɗaukewa. Sai a lokacin ta kira ni tana kuka: "Yaya, ta ƙara mutuwa." Kafin in taɓa komai na auna zafinta, na ga tana kai digiri 98 da buɗe Word da Chrome kawai. Na kwance notina, na ɗaga fanka. Abin da na zaro tsakanin fankar da ramin fitar iska, wallahi kamar an yanko gefen bargo an cusa. Na share, na sa sabon mai, ba ta ƙara wuce 70 da 'yan kai ba. Har yau tana aiki. Babin nan biyu kuwa sai da ta sake rubuta su daga farko.

An bar jaki ana dukan taiki kenan.

To tsaya ka fahimci abin da ke faruwa a ciki, don gobe kada wani ya raina maka hankali. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin kwamfuta, 'yar ƙaramar aba ce da ba ta fi farcen babban yatsanka ba. Duk wutar da ta sha, zafi take komawa. Ta ƙaramar laftof ta aikin ofis tana shan kamar wat 15, ta masu gem da haɗa bidiyo 45 ko fiye, ta kwamfutar tebur kuwa daga 65 zuwa sama. Kada ka raina wat 45. Ƙarfen da mai gyaran rediyo ke narka dalma da shi, a nan wajen yake.

Zafin nan dole ya fita, kuma hanya ɗaya gare shi. Daga furosesa yana shiga wani mai da ake shafawa a samanta, daga man ya shiga farantin jan ƙarfe, daga nan ya bi wani siririn bututu mai ɗan ruwa kaɗan a rufe a cikinsa. Ruwan yana zama tururi, ya kai zafin ɗaya ƙarshen, inda wasu siraran ƙarafa suke jere kamar haƙoran mataji. Fanka ta huro iska ta tsakaninsu, ta fitar da zafin waje. Shi ke nan. In ƙura ta toshe matajin nan, fanka za ta yi ta juyawa tana ihu, amma iska ba ta wucewa. Yanzu ka gaya mini, a ina fomatin ya shigo cikin wannan lissafin? Windows tana da hannun da za ta zaro ƙura ne? Ka yi fomatin sau goma, bargon nan yana nan inda yake.

Abu na biyu da mutane ba sa lura da shi: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take ja. Mu in fanka ta kaɗa mu muna jin daɗi ne saboda gumi yana bushewa a jikinmu, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Kwamfuta ba ta gumi. In ɗakinka yana digiri 25 a watan Janairu furosesa tana 83 a kan wani aiki, to ranar da ɗakin ya kai 40 a Afrilu, aikin nan dai zai kai ta wajen 98. Ba ta lalace ba, ba a yi mata asiri ba, ɗakin ne ya canza. Kuma ka san yadda Afrilu yake a Kano, balle Sakkwato da Maiduguri da Yamai inda wuce 40 da rana ba labari ba ne, balle kuma ɗakin kwano marar silin. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa laftof ɗinsa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 35, kuma yawancin masu ƙera laftof a 35 ɗin nan suke tsayawa. Ma'ana daga Maris har ruwa ya sauka, da rana mu mun riga mun haura layin da suka ja. Mutumin Landan yana iya barin ƙura ta taru shekara uku bai ji komai ba. Kai ba ka da wannan rarar.

Ga kuma abin da ya ƙara dagula mana lissafi. Hunturu ne ke zuwa kafin bazara. Daga Disamba zuwa Fabrairu kwamfutarka tana zuƙar hazo kullum, irin ƙurar nan mai laushi da kake sharewa a kan talabijin da safe ka dawo da yamma ka tarar da ita. Sanyin lokacin ne ke rufa mata asiri. Ranar da sanyi ya janye, zafi ya tarar da hanyar iska a toshe. Wannan ne bairos ɗin da ke farkawa a watan Maris.

Shi kuma nauyin da take yi maka, kare kanta take yi. Yawancin furosesa na Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, na AMD ma nan kusa suke. Da ta kusanci iyakar sai ta rage gudunta da kanta don zafin ya sauka, kai kuma sai ka ga linzami yana tsalle, bidiyo yana maƙalewa. In rage gudun bai isa ba sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Don haka da wuya ka ga furosesar zamani ta ƙone. Waɗanda ke shan wahalar su ne maƙwabtanta: batir, da hadis, da ƙananan kayan da ke kan allon uwa. Su ne ke tsufa da wuri, kuma su ne za su ci maka kuɗi.

Na san wani zai ce, "Malam, kana nufin bairos ba ya sa zafi?" Yana sawa. Akwai ɓarayin da ke cusa maka manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, galibi Monero, kuma mafi yawan lokaci ta cikin fasassun manhajoji da gem na kyauta da kake saukewa suke shigowa. Irin wannan yana sa furosesa aiki dare da rana. Amma ai ana ganewa, ba a canki-canka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Rufe duk abin da kake yi, ka kalli layin CPU na minti biyu ko uku. In yana lilo a ƙasa, kashi 5, kashi 10, amma kwamfutar tana zafi fanka tana kuka, to babu ruwan bairos, hanyar iska ce. In kuwa yana manne a kashi 90 ko 100 ba ka komai, duba sunan abin da ke saman jerin. Sau da yawa za ka tarar Windows ce ke sabunta kanta, ko ka zuba manhajar kashe bairos guda biyu suna kokawa da juna, ko Chrome ne da shafuka talatin a buɗe. Akwai masu wayo da ke lafawa da zarar ka buɗe Task Manager, don haka in ka lura fanka na yin shiru duk lokacin da ka buɗe shi, ta dawo da ihu in ka rufe, ka zargi wani abu, ka yi cikakken bincike da Windows Security. Ko a nan ma fomatin shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba.

Sannan ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin auna zafi, HWMonitor ko Core Temp ko HWiNFO, duk kyauta ne, amma daga shafin masu su. A irin zafinmu, ganin 45 zuwa 60 ba ka aiki ba abin tashin hankali ba ne. Ganin 70 zuwa 85 kana aiki mai nauyi daidai ne. Wasu siraran laftof ma an ƙera su su taɓa 95 na 'yan daƙiƙu su sauko. Abin damuwa shi ne ta haye 90 ta zauna a can kana ɗan buga rubutu kawai. Rubuta lambar da ka gani a takarda. Duk wanda zai gyara maka, da wannan lambar za ka kama shi daga baya.

Yanzu mu zo kan magungunan ƙarya, don su ne suka fi ba ni haushi.

Manhajar "sanyaya" kwamfuta ko waya. Haba jama'a! Ka sauke abu, ka danna, ya nuna maka hoton ƙanƙara tana zubowa, ya rubuta maka an sauke zafi, ka ji daɗi. Iyakar abin da irin waɗannan ke yi shi ne rufe wasu manhajoji, waɗanda kai ma za ka iya rufewa da hannunka, kuma da yawansu za su sake buɗe kansu bayan minti ɗaya. Ita kanta manhajar tana zaune a baya tana cin furosesa, tana jawo talla da datarka. Ka ɗauko mai gadi, shi ne ke cinye hatsin. Cire ta.

Sai masu firji da ƙanƙara. Na ga wanda ya sa laftof a firji minti goma, na ga wanda ya jera ledar fiya wata mai ƙanƙara a ƙarƙashinta, na ga mai jiƙa tawul. Ɗauko kwalbar lemo mai sanyi ka ajiye a tebur, ka kalli yadda take zufa. Haka allon cikin kwamfutarka zai yi in ka fito da ita daga firji zuwa iska mai ɗumi, sai dai shi ba za ka ga zufarsa ba. Ka kunna, ruwa ya haɗu da wuta. In ba ta mutu yau ba, tsatsa ta fara cin ta a hankali. Ana kukan targaɗe ka jawo karaya.

Faifan fanka da ake ɗora laftof a kai fa, wanda ake sayarwa da fitilu shuɗi da ja? Ba zan ce ba ya komai ba. In laftof ɗinka ta ƙasa take zuƙar iska, yana iya rage 'yan digiri kaɗan, kuma rabin amfanin nasa ɗaga ta da ya yi ne daga kan tebur. Amma in matajin ciki a toshe yake, ƙura kawai kake ƙara tura mata. Ka fara sharewa. In ka share har yanzu kana so, ka saya. Kafin nan, murfin robar ruwa guda biyu a ƙarƙashin ƙafafunta na baya, ko kiret ɗin ƙwai, za su yi maka kusan wannan aikin ba ko sisi.

Kai ma fa da naka laifin. Ke ma haka, Hajiya. Ina kake ajiye ta in za ka kalli fim? Kan katifa. Kan filo. Kan kafet, kan bargo, kan cinya da babbar riga ta lulluɓe ramukan. Juya laftof ɗinka yanzu ka duba ƙasanta. Waɗannan tsage-tsagen su ne hancinta, ƙananan robobin nan huɗu kuma an sa su ne don su ɗaga ta iska ta shiga. Kana ɗora ta a katifa ta nutse, hancin ya toshe, abin da ya samu shiga kuma zaren zanin gado ne. In dole sai a gado, ɗauko tire na ƙarfe ko guntun katako ka ɗora ta. Haka masu rufe murfi su jefa ta jaka ba su kashe ba. Laftof da yawa na yanzu ba sa barci sosai, suna iya farkawa a cikin jakar su yi ta gasa kansu har ka isa inda za ka. Kashe ta gaba ɗaya. Kuma kada ka bar ta a mota a rana, ko a kashe take, saboda batir.

To yaya ake sharewar? In sabuwa ce mai garanti, kada ka buɗe, ka mayar inda ka saya. Amma yawancinmu ta hannu muke saye, wadda aka gama aiki da ita a ofisoshin Turai da Amurka. HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa, a 2016 ta fito. Injin kirki ce, amma lissafa shekarunta, ka tambayi kanka ko akwai wanda ya taɓa canza mata mai tun da ta bar masana'anta.

Kashe ta, cire caja, cire batir in mai fita ne. In na ciki ne, da ka buɗe murfin ƙasa abu na farko shi ne zare wayar batir daga allo. Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu a ciki, saboda irin wutar nan da ke ɗan jan ka in ka taɓa ƙofar mota a hunturu ta isa ta kashe wani abu a allon. Jera notinan a kan takarda yadda ka ciro su, don tsayinsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke sama. Nemi bidiyon yadda ake buɗe ainihin samfurin taka a YouTube, ka kalla har ƙarshe kafin ka fara.

Ga inda mutane ke kuskure: suna tsayawa a waje su hura ramin. Wannan mayar da ƙurar ciki kawai yake. Bargon yana tsakanin fanka da mataji, sai ka kwance fankar ka ɗaga ta za ka gan shi. Zare shi da hannu ko tsinke, ka bi da busasshen burushin goge baki, sannan ka hura daga ciki zuwa waje. In za ka yi amfani da bulowa, riƙe fukafukan fankar da tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Kada ka kai ta wajen mai faci ya sa mata kwamfaresa. Iskar ta yi ƙarfi, kuma tana fitowa da ruwa da mai. Kada ka hura da baki, yawu ne.

Sai maganar mai, wanda a kasuwa za ka ji suna ce masa tamal fes. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da farantin jan ƙarfe, don iska ba ta ɗaukar zafi da kyau. In ya shekara da yawa yana bushewa ya zama kamar alli. Notinan farantin galibi an rubuta musu 1, 2, 3, 4, ka bi lambar kana sassautawa kaɗan-kaɗan. Goge tsohon da auduga da sifirit mai ƙarfi, ka bari ya bushe. Ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa a laftof, kamar ƙwayar wake a ta tebur, ka mayar da farantin ya baje shi da kansa. Laftawa da yawa ba ya ƙara sanyi. In ka ga wasu 'yan katifu masu taushi a manne a wasu wurare, bar su, su ma aikin kwashe zafi suke. Kuma duk lokacin da ka ɗaga farantin, dole ka sa sabon mai, ba a mayar da shi a kan tsoho. Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 sanannu ne, sirinji ɗaya zai yi maka kwamfuta da yawa, sai dai ka kula da jabu.

Makilin kuma, don Allah a bari. Na san akwai bidiyoyin da ke nuna an shafa man goge baki zafi ya sauka. Yana sauka na ɗan lokaci saboda akwai ruwa a ciki. Ruwan yana bushewa ka koma gidan jiya, ko abin da ya fi shi muni. Haka giris ɗin mota. Gyaran gangar Auzinawa ne.

Mai kwamfutar tebur, naka ya fi sauƙi, amma kai ma kana da halinka. Ka tura ta cikin akwatin tebur mai ƙofa, ka manna bayanta da bango, ko ka ajiye ta a ƙasa inda tsintsiya ke tayar da ƙura kowace safiya. Wasu ma a shago suna lulluɓe ta da zani don kada ta yi ƙura, tana kunne. Lulluɓe ta in ta mutu, yaye in za ka kunna. Ɗaga ta daga ƙasa, bar mata taƙi ɗaya ko biyu tsakaninta da bango. Iska ta gaba take shiga ta fita ta baya, don haka in ka ƙara fanka ka duba inda take hurawa, ta gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin iska ke fita. Cire murfin gefe ka kafa mata fankar tsaye yana taimakawa a ranar da zafi ya kai maƙura, amma za ka riƙa shara akai-akai. Akwatin wutar da ke bayanta kuwa, wanda wayar soket ke shiga, hura shi daga waje kawai. Kada ka buɗe shi ko an cire wuta, yana riƙe caji da zai iya yi maka illa.

Akwai dabara ɗaya ta cikin Windows da take aiki da gaske, don tana rage wutar da furosesa ke sha, ba hoton ƙanƙara take nuna maka ba. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemi Processor power management, ka mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A kwamfutoci da yawa wannan kashi ɗayan yana hana furosesa yin tsallen gudun nan da ake kira turbo, wanda shi ne ke kawo mafi yawan zafin. Za ka ɗan rasa gudu a aiki mai nauyi, amma mai rubutu da lilo a intanet da wuya ya lura. In ba ka ga wannan zaɓin a taka ba, shiga Settings ka sa Power mode a kan mafi tattalin wuta. Damina ta sauka ka mayar. Masu haɗa bidiyo da zane kuma, in da hali a bar fitar da babban aiki sai dare ko bayan asuba. Na san wuta ba ta tambayarka lokacin da za ta zo, amma ranar da ka samu zaɓi, kada ka zaɓi ƙarfe biyu na rana.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: in ka ga wurin linzamin laftof ɗinka ya kumburo, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko ta daina zama daidai a tebur, batir ne ya kumbura. Daina caji, daina amfani da ita, kada ka danne shi, kada ka huda shi, kada ka kwana da ita kusa da katifa. Batirin litiyom in ya kama wuta ba ƙaramin abu ba ne. A cire shi a canza.

Su kuma 'yan uwana masu gyara, ban ce duk haka kuke ba. Na san waɗanda ba sa taɓa Windows sai sun auna zafi, Allah Ya ƙara musu kasuwa. Na kuma san dalilin da ya sa fomatin ke da daɗi: ka sa filashi, ka danna, ka juya ka sallami wani, ba kwance noti, ba tsoron ɓalla roba. Kuma sabuwar Windows tana da sauƙi kwana biyun farko, mai kaya ya tafi yana godiya. Amma ka san zai dawo, kuma ka san abin da ya kawo shi ba shi ka gyara ba. Kuɗin nan da ka karɓa, na me ne? In ba ka iya buɗewa ba ka ce ba ka iya ba, ka tura shi gaba.

Kai kuma in ba za ka iya buɗewa da kanka ba, babu laifi, kai wa mai gyara. Amma kada ka je ka ce "ta lalace, duba mini." Ka ce: a buɗe, a cire fanka a share mataji, a canza man furosesa, kada a taɓa Windows. Ka tsaya a wurin ka ga ƙurar da idonka, ka ga man da aka sa. In ya gama ku kunna manhajar auna zafi tare, ka kwatanta da lambar da ka rubuta a gida. In an share an canza mai har yanzu tana hayewa 90, to wataƙila fankar ta gaji ko bututun ya mutu, kuma duka biyun ana samun na canji. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin shi ne ƙarshen Fabrairu, da hazo ya ɗaga. In gidanka a bakin titin da ba kwalta yake, ko akwai mai girki da itace kusa, ƙara wani bayan damina. In bana ka makara, yi yanzu.

Kuma kafin ta bar hannunka, ko shara kawai za a yi, kwashe fayilolinka da kanka zuwa filashi ko Google Drive. Duba fuskar allo, duba Documents, duba Downloads. Ka buɗe su a wata kwamfutar ko a wayarka ka tabbatar suna buɗewa, sannan ka miƙa.